Tambaya kan 2,147,483,647: wace irin lamba ce, kuma da gaske ba ta rabuwa?

Nura_kod:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masana lissafi ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Ina koyon rubuta kod ne da Java, sai na haɗa wani ɗan furogiram da yake ta ƙara 1 a kan lamba ba tsayawa, yana kaiwa 2,147,483,647 aka ƙara 1 sai kawai ya koma -2,147,483,648, wato ya faɗa can ƙasan sifili. Wannan ɓangaren na ɗan gane shi, an ce iyakar abin da int, wato ma'ajiyar lamba a Java, yake iya ɗauka kenan. Abin da ya ɗaure min kai shi ne wani ya ce min wai lambar nan firam ce, babu abin da yake raba ta sai 1 da ita kanta. Lamba mai dijit goma fa, sama da biliyan biyu! Na ɗauki kalkuleta na raba da 3 saura 1, da 7 saura 1, da 9 saura 1, da 11 saura 1, har da 31 ma saura 1, to shi ma wannan 1 ɗin da yake ta dawowa ban san dalilinsa ba.

Abin da nake so na sani shi ne ta yaya aka tabbatar ba ta rabuwa, ai ba zai yiwu a ce mutum ya zauna ya gwada lambobi biliyan biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Sannan masu ƙera kwamfuta sun zaɓe ta ne saboda firam ce ko kuwa? Kuma idan akwai wasu rukunoni da take ciki a lissafi ina so a faɗa min. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Injiniya_Bash:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari na ɗauki ta biyun tunda ita ce ɓangarena, sauran na bar wa malaman lissafi.

A'a, ba don firam ce aka zaɓe ta ba, hasali ma babu wanda ya zauna ya zaɓe ta. Int ɗin Java gurbi 32 gare shi, kowane gurbi ko 0 ko 1, shi ne bit. Guda ɗaya ya tafi wajen nuna ko lambar tana saman sifili ko ƙasa, saura 31. To idan ka cika gurabun nan 31 kaf da 1, abin da za ka samu shi ne 1 + 2 + 4 + 8 haka har zuwa 2^30 (wato 2 × 2 × 2 har guda 30), jimillarsu kuma 2^31 - 1, shi ne 2,147,483,647 ɗinka. A bainari, wato rubutun 0 da 1, 1 ne guda 31 a jere. Kana ƙara 1 duk sai su juye su koma 0, ɗayan da aka ɗauko ya shige gurbin alama, shi ya sa ka ga mainos. Kamar mitar tafiyar mota ce da ta kai 999999, tana ƙara kilomita ɗaya sai ta juye.

Ga hujjar cewa dacewa ce kawai aka yi. Duba sauran iyakokin. Na bit 8 iyakarsa 127, firam ce. Na bit 16 iyakarsa 32,767, ita kuma 7 × 31 × 151 ce, tana rabuwa lafiya lau. Na bit 64 iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807, wannan 7 ma tana raba ta, 127 ma haka. Ka ga da a ce firam ake nema ai da ba a yi amfani da waɗannan ba. Abin da injiniya ya damu da shi yawan gurbi ne kawai.

Amma fa ka riƙe lambar nan da kyau don tana cizon mutane a aiki. Tsofaffin na'urori masu tsarin Unix suna ƙirga lokaci ne da sakan tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma sakan 2,147,483,647 shekara 68 ne da ɗan ɗoriya, saboda haka ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 03:14:07 agogon GMT duk na'urar da har lokacin take ajiye lokaci a bit 32 mai alama za ta cika, sakan ɗaya bayan nan ta ɗauka ana 13 ga Disamba 1901. A Disambar 2014 YouTube sun sanar cewa sun mayar da ma'aunin masu kallo bit 64 saboda wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya haura wannan adadin. Sannan ranar 1 ga Janairu 2022 saƙonnin imel sun maƙale a sabobin Microsoft Exchange da yawa, dalili kuwa an rubuta kwanan wata a matsayin lamba 2201010001, ita kuma ta fi 2147483647 girma, ba ta shiga gurbin ba. Idan kana zargin abin da kake ƙirgawa zai yi yawa ka yi amfani da long, wato yayan int mai bit 64, kawai ka huta.

Malama_Hadiza:

Sannu Nura, tambayarka ta yi kyau wallahi, musamman da ka lura da sauran 1 ɗin nan, ba kowa ne zai tsaya ya lura ba.

Na fara da shi don shi ne mai sauƙi. Cire 1 daga lambar, ka samu 2,147,483,646. Wannan maƙwabciyar tata cike take da masu raba ta:

2,147,483,646 = 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331

Ka ga duk lambobin da ka gwada, 3 da 7 da 9 da 11 da 31, suna raba wannan ba saura, to dole idan ka ƙara 1 a kai saura ya zama 1. Gwada da 151 da 331 ma za ka ga haka. Da ka gwada 5 da ka ga saura 2, tunda da 7 ta ƙare.

Yanzu babbar tambayar. Eh firam ce, kuma wanda ya tabbatar shi ne Leonhard Euler a shekarar 1772, mutumin Basel ne a Suwizalan amma a lokacin yana St. Petersburg a Rasha, kuma idanunsa sun riga sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Babu kwamfuta babu kalkuleta. Bai gwada biliyan biyu ba, dabara ya yi ya rage aikin mataki mataki, kuma ni a wajena nan ne daɗin abin yake, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja shi.

Da farko, idan lamba tana rabuwa gida biyu, a × b, ba zai yiwu dukkansu biyun su fi sikwaya rut ɗinta (lambar da idan ka ninka da kanta za ta ba ka ita) girma ba, dole ɗaya ya zama daidai da shi ko ƙasa. Misali 91 = 7 × 13, rut ɗinta tara da 'yan kai, ga 7 nan a ƙasa. To rut ɗin 2,147,483,647 bai kai 46,341 ba, don 46,341 × 46,341 ya riga ya wuce ta. Daga biliyan biyu mun dawo dubu arba'in da shida kenan. Kuma a cikinsu ma firam kaɗai za ka gwada, don idan 3 ba ta raba ba to 6 da 9 da 12 ba za su raba ba, firam ɗin da ke ƙasa da 46,341 kuwa ba su kai dubu biyar ba.

Har yanzu da yawa ga mai yi da hannu. Sai a kawo ƙa'idar Fermat, wani lauya ɗan Faransa da ya rayu kafin Euler. Ita ta nuna cewa idan p firam ce mara, wato wadda 2 ba ta rabawa, duk wata firam da za ta raba 2^p - 1 dole ta kasance ninkin 2p ne da ƙarin 1. Bari ka gani da idonka a ƙaramar lamba: 2^11 - 1 = 2047, ita kuma 23 × 89 ce. 2p a nan 22 ne. 23 = 22 + 1. 89 = 88 + 1, wato 22 sau 4 da ƙarin 1. Ka ga ba su kauce ba. To a tamu p = 31, saboda haka duk mai raba ta sai ya zama 62k + 1, wato ninkin 62 da ƙarin 1. Shi kuma Euler ya ƙara wani sharaɗin, cewa mai rabawar idan an raba shi da 8 dole saura ya zama 1 ko 7. Idan ka haɗa sharuɗɗan biyu siffa biyu ce kawai ta rage, 248k + 1 da 248k + 63. Lambobi masu wannan siffar ƙasa da 46,341 ba su kai 400 ba, kuma mafi yawansu ma ba firam ba ne sai a tsallake su. 63 ba firam ba, 249 = 3 × 83, ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311. Yi da kanka: 311 × 6,905,092 = 2,147,483,612, saura 35, ba ta raba ba. Haka za ka bi su har su ƙare, babu wadda ta raba. Shikenan hujja ta tsaya.

Wannan shi ne abin da nake ta faɗa wa ɗalibai, kafin ka fara rabawa ka tsaya ka tambayi kanka su wa ma za su iya rabawa.

abba_sani99:

malama Allah ya saka da alheri na karu sosai. amma ina da tambaya, naga 2^3 - 1 = 7, 2^5 - 1 = 31, 2^7 - 1 = 127 duk firam ne, sai kuma kika kawo 2047 tana rabuwa alhali 11 firam ce. to kenan babu wata doka da zata nuna wacce zata fito firam wacce bazata fito ba? kuma me yasa injiniya yace ta bit 64 tana rabuwa da 7 da 127 tun kafin ya gwada

Dr_Kabiru_M:

Abba, rabin doka ake da ita. Idan n ba firam ba ce to 2^n - 1 ba za ta taɓa zama firam ba, domin duk a ɗin da ta raba n, 2^a - 1 za ta raba 2^n - 1. Iyakar bit 64 ita ce 2^63 - 1, 63 kuma tana rabuwa da 3 da 7, saboda haka 2^63 - 1 tana rabuwa da 7 da 127, amsar tambayarka ta biyu kenan. Haka 15 = 3 × 5 shi ya sa ka ga 7 da 31 a cikin 32,767, wato 2^15 - 1. Amma idan n firam ce babu tabbas, sai an gwada. 11 ta faɗi, 23 ma ta faɗi don 8,388,607 = 47 × 178,481, 29 ta faɗi don 233 tana raba ta.

Waɗanda suka tsallake ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya fitar da jerinsa a 1644. Ya ce daga 2 zuwa 257 waɗanda ke ba da firam su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya dace a 31 da 127 tun ba a iya tabbatar da su ba, amma 67 da 257 ba daidai ba ne, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107. Ta 67 ɗin, wato 2^67 - 1, sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta a wani taro a New York, 193,707,721 × 761,838,257,287. Ta 127 kuma Édouard Lucas ne ya tabbatar a 1876, dijit 39 gare ta, har yau ita ce firam mafi girma da aka tabbatar da hannu ba na'ura.

To Nura ga rukunonin da ka tambaya. Lambarka ita ce ta takwas a jerin firam ɗin Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8191, 131071 da 524287. Kuma tana da wata daraja a sama da haka, tunda ita kanta 31 ɗin 2^5 - 1 ce, wato Mersenne a kan Mersenne. Irin waɗannan guda huɗu kacal aka sani da suka fito firam: 7, 127, taka, da 2^127 - 1.

Sai maganar cikakkun lambobi, wadda ni ita ta fi burge ni. Tun zamanin Girkawa ake tara masu raba lamba banda ita kanta a ga me zai fito. Idan jimillar ta yi daidai da lambar to cikakkiya ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3, da 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14, sai 496, sai 8128. Idan ta wuce, mai yalwa ce, kamar 12 da take ba da 16. Idan ba ta kai ba, mai giɓi ce. Duk wata firam mai giɓi ce ƙwarai tunda 1 kawai take da shi, har da taka. Amma dubi maƙwabtanta. Ta ƙasa, 2,147,483,646, mai yalwa ce tunda ninkin 6 ce, kuma lambobi 192 ne suke raba ta. Ta sama, 2,147,483,648, ita ce 2^31, masu raba ta 32 ne duk ninkin biyu biyu, idan ka tara su banda ita kanta za ka samu 2,147,483,647 cif, wato 1 kawai ya hana ta zama cikakkiya. Lambobi uku a jere kowacce da halinta daban.

Euclid ya nuna cewa duk lokacin da 2^p - 1 ta zama firam, idan ka ninka ta da 2^(p-1) cikakkiyar lamba za ka samu. 3 × 2 = 6, 7 × 4 = 28, 31 × 16 = 496, 127 × 64 = 8128. Bayan kusan shekara dubu biyu Euler ya nuna cewa duk cikakkiyar lamba da 2 ke rabawa ta wannan hanyar kaɗai take fitowa. Saboda haka lambarka sau 2^30 tana ba da cikakkiya ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128. Ko akwai cikakkiyar lamba mara, wadda 2 ba ta rabawa, wannan har yau ba a samo ko ɗaya ba kuma ba a tabbatar babu ba. Haka ma ko firam ɗin Mersenne suna da iyaka ko ba su da, tambaya ce da take nan a buɗe.

Ƙari ɗaya. Raba ta da 8, dijit ukun ƙarshe sun isa, 647 = 8 × 80 + 7. Duk lambar da ta bar saura 7 a kan 8 ba a iya rubuta ta a matsayin jimillar sikwaya (lamba sau kanta, kamar 1, 4, 9) biyu ko uku, sai huɗu. Gwada da 7 ka gani, 4 + 1 + 1 + 1, babu wata gajeriyar hanya. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba, taka tana cikin masu buƙatar huɗun duka.

Nura_kod:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Malama na gwada 311 ɗin kuma saura 35 ya fito kamar yadda kika ce. Dakta abu ɗaya ya rage min, shi Lucas da ya yi mai dijit 39 ai ko da dabarar Euler ba zai gama rabawa ba har ya bar duniya, to ta ina ya bi? Sannan tunda Injiniya ya ce dacewa ce, kenan zamanta firam ba shi da wani amfani a kwamfuta ko kaɗan?

Dr_Kabiru_M:

Bai raba ba sam. Wata hanya ya ƙirƙiro wadda take gaya maka 2^p - 1 firam ce ko ba firam ba ce ba tare da ta nemo mai rabawa ba, daga baya Derrick Lehmer ya gyara ta a wajajen 1930, shi ya sa ake haɗa sunayensu biyu. Kuma tana da sauƙin da za ka rubuta ta a layi biyar. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura kawai. Ka maimaita sau p - 2. Idan ka ƙare a 0 firam ce, idan wani abu ne daban ba firam ba ce.

Ga 31, wato p = 5, sau uku za a yi. 4 × 4 - 2 = 14. 14 × 14 - 2 = 194, a raba da 31 saura 8. 8 × 8 - 2 = 62, wato 31 sau biyu, saura 0. Firam ce. Ga 2047 sau tara ne, za ka bi ta 14, 194, 788, 701 har ka ƙare a 1736, ba 0 ba, saboda haka tana rabuwa duk da gwajin bai faɗa maka 23 ko 89 ba. Taka sau 29 kacal take buƙata: 14, 194, 37634, 1416317954, daga nan lambobin suke fara wuce ta sai ka riƙa ɗaukar saura. Ka tabbata da long ka yi, idan ka sa int tun a 1416317954 sau kanta zai juye maka.

Da wannan gwajin ake farautar manyan har yanzu. Akwai shirin GIMPS da George Woltman ya fara a 1996, mutane suna ba da aron kwamfutocinsu ta intanet. A Oktoban 2024 wani mai suna Luke Durant ya samo 2^136,279,841 - 1, dijit 41,024,320 gare ta, ita ce ta 52 da aka sani a dangin.

Injiniya_Bash:

Nura kar ka fahimce ni ba daidai ba, cewa na yi ba don haka aka sa ta zama iyakar int ba, amma da aka ga ta zo a firam ai an ci moriyarta sosai. Babban wurin shi ne samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, waɗanda gem da manhajojin gwaji suke buƙata. Akwai wata tsohuwar hanya da Park da Miller suka ba da shawarar a riƙe a 1988: ka ɗauki lamba, ka ninka da 16807, ka raba da 2,147,483,647, sauran shi ne lambarka ta gaba. Fara da 1 za ka samu 16807, sai 282475249, sai 1622650073, haka dai. Saboda mai rabawar firam ce sauran ba zai taɓa faɗawa 0 ya maƙale a can ba, kuma da yake an zaɓi 16807 da kyau, 7^5 ce, sai ya zagaye duk lambobin daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita ko ɗaya. Da 2^31 ka yi amfani a madadinta da ba ka samu wannan cikakken zagayen ta ninkawa kaɗai ba, ga shi kuma bit ɗin ƙarshe ba zai ma riƙa canzawa ba. Har yanzu tana nan a C++ da sunan minstd_rand0. Kuma ɗaukar saura a kanta yana da arha ga na'ura, tunda 2^31 saura 1 take bari, sai ka yanke lambar a gurbi na 31 ka tara na sama da na ƙasa, ba sai ka yi rabawa ta gaske ba.

Amma dan Allah kar ka yi amfani da wannan hanyar wajen haɗa fasuwod ko wani abin tsaro, duk wanda ya ga lamba ɗaya a jerin zai iya lissafo duk na gaba. Don wannan Java tana da SecureRandom.